Doka ko Kasuwa: Wanne Ya Fi Iya Mayar da Shara Dukiya?

Idan aka yar da gwangwanin alminiyam da baƙar leda a gefen hanya ɗaya, a sa'a ɗaya, ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san wanda zai riga ɓacewa. Kafin rana ta faɗi wani ya sunkuya ya ɗauke gwangwanin, ya take shi da ƙafa, ya jefa a buhu, domin ya san akwai mai sikeli da ke jiransa. Ita kuwa ledar tana nan sai iska ta kai ta magudanar ruwa. Babu dokar da ta umarci mutumin ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya. Farashi ne ya yi masa magana. Duk muhawarar da ake yi kan abin da masana ke kira tattalin arziki mai zagayawa, wato tsarin da kayan da aka haƙo daga ƙasa ba sa ƙarewa a juji bayan amfani ɗaya, sai dai a gyara su, a sake amfani da su, a sabunta su ko a narkar da su a sake ƙerawa, tana komawa ne ga wannan tambaya: wa zai sunkuya ya ɗauka, kuma me zai sa shi?

Amsoshi biyu ne suka fi yawo. Wasu na ganin a bar kasuwa ta yi aikinta, tunda ɗan kasuwa ba ya barin riba a ƙasa. Wasu kuma na ganin sai gwamnati ta sa hannu da doka da haraji da tara. Wanda zai zaɓa tsakanin biyun, ko ɗan majalisa ne da ke rubuta ƙudiri, ko mai jari da ke tunanin kafa masana'antar sake sarrafa kaya, yana buƙatar sanin inda kowace hanya ta yi aiki da inda ta gaza, domin dukkansu suna da tarihin da za a iya dubawa.

Kasuwa ta daɗe tana wannan aiki tun kafin a raɗa masa suna. Narkar da tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 kacal na makamashin da ake buƙata wajen fitar da sabo daga ma'adininsa, kuma ƙarfen ba ya rasa ingancinsa komai yawan narkarwa. Wannan tazara ta kuɗin wuta ita ce ke biyan mai tsintar gwangwani da dillali da mai mota da mai masana'anta, kowa ya samu rabonsa. Shi ya sa ƙasar Brazil, wadda ba ta dogara da dokar jinginar gwangwani ba, wato ƙarin kuɗin da mai saye ke biya a mayar masa idan ya dawo da gwangwanin, take dawo da fiye da kashi 95 cikin 100 na gwangwanayen abin sha, galibi ta hannun masu tsintar bola da ƙungiyoyinsu. Haka labarin baƙin ƙarfe yake: kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfen da Amurka ke samarwa yana fitowa ne daga murhun lantarki wanda babban abincinsa tsohon ƙarfe ne. Jan ƙarfe ma ba ya kwana a juji. A irin waɗannan kaya, gwamnatin da ta ware kuɗi don ƙarfafa tattarawa tana biyan mutane ne su yi abin da dama za su yi.

Akwai kuma wani mataki da ya fi narkarwa daraja, wanda shi ma riba ce ta haife shi. Kamfanin Caterpillar mai ƙera manyan motocin aikin hanya da haƙar ma'adinai ya fara sabunta tsofaffin injuna a 1973. Mai sayen sabuntaccen inji yana biyan wani ƙarin kuɗi a matsayin jingina, kuma ba a mayar masa sai ya kawo tsohon nasa. A masana'anta a kwance tsohon ƙusa-ƙusa, a wanke, a auna kowane sashe, a maye gurbin abin da ya cinye, a haɗa, a sayar da shi da garanti a farashin da bai kai na sabo ba. A garin Kalundborg na ƙasar Denmak kuwa, masana'antu maƙwabtan juna sun fara musayar abin da kowa ke zubarwa tun wajen 1972: tururi da ragowar zafi daga tashar wutar lantarki suna zuwa wasu masana'antu da gidajen garin, sinadarin jifsam da aka riƙa samu wajen tace hayaƙin tashar kuma ya riƙa zuwa wurin masu yin allunan silin da bango. Babu wani babban tsarin gwamnati da ya zana wannan tun farko. Yarjejeniyoyi ne na kasuwanci, ɗaya bayan ɗaya, kowacce an ƙulla ta ne saboda ɓangarorin biyu sun ga sauƙi a cikinta.

Ƙarfin kasuwa ke nan: ba ta cin kasafin kuɗi, ba ta jiran zaman majalisa, kuma ta fi kowane ofishi sanin nawa kilo ɗaya na kowane abu ya kai a yau. Rauninta yana fitowa ne daga wannan ƙarfin kansa, domin abin da ba shi da farashi ba ta ganinsa ko kaɗan.

Roba ce babbar shaida. Ƙungiyar OECD, ta haɗin kan tattalin arziki wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. Dalilin ba rashin fasaha kaɗai ba ne. Roba iri-iri ce, kuma ba a narkar da su tare. Da yawa daga cikin ƙunshin kaya an yi su ne da shimfiɗu daban-daban na roba da takarda da siririn alminiyam da aka manne wuri ɗaya, ta yadda raba su ya fi ƙera sabo tsada. Ga rashin nauyi, wanda ke sa a cika mota da kayan da kuɗinsu bai kai na man da ta sha ba. Sannan sabuwar roba daga man fetur da iskar gas ake yin ta, don haka farashinta yana bin nasu. Lokacin da farashin ɗanyen mai ya rushe a 2020, sabuwar roba ta yi araha har masu sake sarrafawa suka rasa masu saye, alhali kuɗin tattarawa da wankewa da tacewa bai ragu da komai ba. Masana'antar da ribarta ke hawa da sauka da farashin da ba ta da iko a kansa ba ta samun rancen banki cikin sauƙi.

Wani raunin ya fi wannan zurfi. Wanda ya ƙera kaya ba shi ne ke biyan kuɗin kwashe shararsa ba; ƙaramar hukuma ce ke biya da harajin kowa, ko kuma kogi da gona su biya. Tunda asarar ba ta shiga littafin kamfani, ba ta shiga lissafinsa wajen zana kayan. Har ma akwai lokacin da gajeren rai shi ne riba. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki na duniya sun haɗa wata ƙungiya da aka sani da Phoebus, suka amince cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, suka kuma riƙa cin tarar wanda nasa ya zarce. A yau ba sai an yi irin wannan taro ba: batirin da aka manne da gam a cikin waya, da ƙusar da babu mai sukudirebanta sai kamfanin, suna yin aikin a natse.

Ko a inda kasuwa ke tattara kaya da kyau, ba ta tambayar yadda aka sarrafa su. Batirin mota mai dalma yana cikin kayan da aka fi dawo da su a duniya saboda dalmar tana da kuɗi, amma a wurare da yawa ana fasa shi ne da gatari, a zubar da ruwan batirin a ƙasa, a narkar da dalmar a buɗaɗɗen murhu, gubar ta shiga jinin ma'aikata da yaran unguwa. Kayan lantarki ma haka ne. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa an samar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya bisa huɗu ne aka tabbatar an tattara an sarrafa ta hanyar da ta dace. Mai ƙona waya don ya fitar da jan ƙarfe yana bin farashi sau da ƙafa, kuma farashin bai ce masa komai game da huhunsa ba.

A nan ne doka ke shigowa, kuma Jamus ce ta fara gwada ta da gaske. Dokar ƙunshin kaya ta 1991, a zamanin ministan muhalli Klaus Töpfer, ta ɗora wa masu ƙera kaya da masu sayarwa alhakin karɓar kwali da roba da kwalbar da suka saka a kasuwa. Tunanin, wanda masanin Suwidin Thomas Lindhqvist ya tsara a 1990, bai wuce abin da ake cewa kowa ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski ba. Kamfanoni suka kafa tsarin haɗin gwiwa mai alamar koren ɗigo, kowa yana biyan kuɗi gwargwadon nauyi da nau'in ƙunshin kayansa. Nan da nan aka ga abin da kasuwa ita kaɗai ba ta taɓa yi ba: tunda kowane giram na ƙunshi ya zama kuɗi, kamfanoni suka fara rage shi, kwalayen da ba su da amfani sai ado suka fara ɓacewa daga kanti.

Amma shekarun farko sun nuna irin tuntuɓen da doka ke yi. An tattara roba fiye da abin da masana'antun ƙasar za su iya sarrafawa, kamfanoni da yawa sun buga alamar a kayansu ba tare da biyan cikakken kuɗin ba, har tsarin ya kusa durƙushewa a 1993. Doka ta iya tilasta tattarawa, sai dai ba ta haifar da mai saye ba. Wannan giɓi ya daɗe a ɓoye a ƙasashe masu arziki, domin ana loda sharar a jiragen ruwa zuwa Sin, wadda ta riƙa karɓar kusan rabin sharar robar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe, a kuma rubuta ta a takarda a matsayin wadda aka sake sarrafawa. Da Sin ta rufe ƙofa a farkon 2018, ta haramta shigo da nau'i 24 na shara, sai ɗaurin roba da takarda suka taru a Turai da Amurka da Ostareliya, wasu garuruwa suka koma binnewa da ƙonawa, sauran kuma aka karkatar da su zuwa Maleshiya da Biyetnam da Tailan da Turkiyya. An gudu ba a tsira ba. Sai a 2019 aka gyara yarjejeniyar Basel ta 1989, mai kula da safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe, domin ta shafi gurɓatacciyar sharar roba.

Darasin da nake ɗauka a nan shi ne cewa dokar da ke auna nasara da nauyin abin da aka tattara tana samun abin da ta auna ɗin kawai. Haramci kai tsaye kuma, wanda ya fi kowace doka daɗin sanarwa, ya dogara ne kacokan ga ƙarfin aiwatarwa. Ruwanda ta haramta leda a 2008 kuma ta riƙe dokar da gaske, har a filin jirgin sama ana karɓe ta daga hannun matafiya. Kenya ta bi sahu a 2017 da hukunci mai tsanani, tituna sun yi sauƙi, amma fasa-ƙwaurin leda daga maƙwabta bai tsaya ba. Inda babu jami'ai isassu, ko babu madadi mai araha, haramci yana zama ƙofar cin hanci ne kawai. Ko wurin da aka ɗora kuɗi yana da tasiri: dokar Japan ta 2001 kan talabijin da firji da injin wanki da na'urar sanyaya ɗaki ta sa mai kaya ya biya a ranar da zai rabu da shi, kuma duk da cewa ta gina masana'antun sarrafawa masu inganci, ta bar wa marar gaskiya dalilin jefar da tsohon firji a daji da dare.

Abin lura shi ne, dokokin da suka fi cin nasara ba su yi ƙoƙarin maye gurbin kasuwa ba. Sun sa wa abu farashi, suka ja da baya. Tun 2003 Jamus ta ɗora jinginar santi 25 na kuɗin Yuro a kan kwalbar roba da gwangwanin da ake amfani da su sau ɗaya. Mai saye yana komawa kanti da jakar kwalabe, ya riƙa zura su ɗaya-ɗaya a bakin wata na'ura, ta juya kowacce ta karanta lambarta, a ji ƙarar murƙushewa a ciki, a ƙarshe ta turo 'yar takarda da zai karɓi kuɗinsa da ita. Wanda bai damu da kuɗin ba yakan ajiye kwalbar a gefen kwandon shara maimakon cikinsa, don mai tsinta ya ɗauka ba tare da tona datti ba. Kusan kashi 98 cikin 100 suna dawowa, kuma suna dawowa da tsafta, nau'i ɗaya, abin da ke ba da damar a sake yin kwalba da kwalba. Dokar ta mayar da kwalbar roba tamkar gwangwanin nan na gefen hanya: ta ba mutum dalilin sunkuyawa.

Nowe ta ƙara wata dabara da na fi so a duk cikin tsare-tsaren nan. Ta sa harajin muhalli a kan kowace kwalba da gwangwani, harajin yana raguwa yayin da adadin da ake dawowa da shi ke ƙaruwa, kuma yana faɗuwa gaba ɗaya idan aka kai kashi 95 cikin 100. Gwamnati ba ta gaya wa kamfanoni yadda za su yi ba. Su da kansu suka kafa tsarin jingina da karɓar kwalabe mai suna Infinitum, suke gudanar da shi, domin kowace kwalbar da ta ɓace asararsu ce. Ayalan ta sa santi 15 a kan ledar kanti a 2002, amfani da ita ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Birtaniya ta fara harajin binne shara a 1996 da fam 7 a kowane tan, ta riƙa ƙara shi a hankali bisa jadawalin da aka sanar tun da wuri, har ya haura fam 100 a 2023. Binnewa ta ragu ƙwarai, ko da yake wani kaso mai yawa ya koma ƙonawa don samar da wuta, masu zubar da shara ta ɓarauniyar hanya kuma suka samu sana'a. Haraji yana korar shara daga inda aka sa shi, amma ba shi ke zaɓar inda za ta nufa ba.

Matsalar rashin mai saye ma an fara magance ta da irin wannan hanya. A Afrilun 2022 Birtaniya ta fara karɓar haraji, fam 200 a lokacin, a kowane tan na ƙunshin roba da bai ƙunshi aƙalla kashi 30 cikin 100 na sarrafaffiyar roba ba. Tarayyar Turai ta wajabta kashi 25 cikin 100 a kwalaben abin sha na robar PET daga 2025, da kashi 30 a dukkan kwalaben roba na abin sha daga 2030. Ma'anar wannan ga mai masana'anta ita ce, ko farashin mai ya sake rushewa, masu cika kwalba dole su zo wurinsa. Sai kuma ƙa'idojin ƙira, waɗanda babu farashin da zai iya maye gurbinsu, tunda mai saye ba ya iya ganin cikin na'ura a ranar saye: Faransa ta wajabta manna makin sauƙin gyara, daga sifili zuwa goma, a kan wayoyi da kwamfutoci da injinan wanki a 2021, Tarayyar Turai kuma ta tilasta bakin caja ɗaya na USB-C daga ƙarshen 2024. Suwidin ta rage harajin saye a kan gyaran keke da takalmi da tufafi daga kashi 25 zuwa 12 a 2017, wanda ya taimaka, sai dai inda ladan mai gyara ya ninka kuɗin sabon kaya, ragin haraji ba ya cike tazarar.

Saboda haka ina ganin zaɓin ba a yin sa a dunƙule, ana yin sa ne kaya bayan kaya. Mai tsara doka ya fara da lissafi ɗaya: shin darajar wannan abu bayan an gama da shi ta fi kuɗin tattara shi da sarrafa shi? Idan ta fi, kamar ƙarafa da manyan injuna da kwali mai tsafta, ya bar cinikin a hannun masu yinsa, ya mayar da hankali kan lafiyar ma'aikata da gubar da ke fita da kuma sayen kayan sata, domin tsadar jan ƙarfe ita ce ke sa a yanke wayar lantarki da dare. Ya kuma yi hattara da kawo tsarin da zai ture masu tsintar bola, waɗanda su ne ke riƙe da tattarawar a yawancin biranen duniya masu tasowa. Shigar da su cikin tsarin ya fi araha, ya fi kuma inganci. Idan darajar ba ta kai ba amma tazarar kaɗan ce, kamar kwalbar roba da gilashi da taya, jingina da alhakin mai ƙerawa da wajabta kaso na sarrafaffen kaya su ne suka fi dacewa, kuma a karɓi kuɗin a ranar saye. Idan abin ba shi da daraja ko kaɗan kuma akwai madadinsa, a nan ne haramci ke da gurbi, da sharaɗin gwamnati ta san tana da hannun da za ta riƙe shi. Gwamnati mai ƙarancin jami'ai ta fi samun sauƙi da tsarin da ake karɓar kuɗinsa daga manyan kamfanoni 'yan ƙalilan da tashoshin shigo da kaya, a kan wanda ke buƙatar bin dubban 'yan tireda ɗaya bayan ɗaya.

Mai jari kuma ya tambayi kansa daga ina ribar za ta fito. Idan daga darajar kayan ce, haɗarinsa farashin duniya ne, kuma maganinsa kwangilar saye ta dogon lokaci da tabbacin samun tsohon kaya a kai a kai, domin injin da ya rasa abin ci ya fi komai cin kuɗi. Idan daga doka ce, haɗarinsa siyasa ce, kuma ba dukkan dokoki ne suke da nauyi ɗaya ba. Tallafin da ake sabuntawa a kowane kasafin kuɗi yana iya yankewa da sauyin minista. Manufar da aka sanar a taro ba tare da tara ba, ba a kai ta banki. Abin da ake gina masana'anta a kansa shi ne dokar da majalisa ta zartar, mai ɗauke da adadi da ranar farawa da hukuncin wanda ya saɓa, da hukuma mai kasafin kanta da za ta bi sawu, kuma kafin a sayi inji yana da kyau a bincika ko an taɓa ɗage wannan ranar, da sau nawa aka ɗage ta.